Firam ɗin roba da ƙofar da ba ta da mai gadi

'Yan uwa a yi mana haƙuri, wannan makon za mu ɗan kauce wa zancen rubutu, ko da yake rubutun ne ya ja mu cikin maganar da za mu yi.

Makonni uku da suka wuce aka ɗora mana aikin sa wa takardun karramawa firam, waɗanda za a miƙa wa wasu dattawan marubuta a taron ƙungiya. Mu uku muka fita daga cikin gari, muka ɓulla ta Ƙofar Ɗan Agundi, inda aikin gada ya sauya wa wurin kama, muka nufi wani shago da muka daɗe da sani ta wajen Gandu. Mai shagon dattijo ne, kafinta tun asali. Da muka faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya jawo sanduna biyu ya ajiye a kan benci. Ɗaya ta maɗaci ce, shi ya yanke ta, ya goge, ya fitar mata da zane da hannunsa. Ɗayar kuwa da ka gan ta sai ka rantse katako ne aka yi wa ruwan zinare, amma da ka ɗaga sai ka ji ta sakayau kamar kara. Roba ce, daga Chaina.

Muka ce, "Baba, wanne za ka ba mu shawara?" Ya yi dariya ya ce, "Yarana, in don ni ne ku ɗauki na katako, in don aljihunku ne ku ɗauki na roba. Ni ma ai da shi nake cefane yanzu." To, kada mu yi muku ƙarya, na robar muka ɗauka. Kuɗin ƙungiya ne, kuma kun san yadda asusun ƙungiyar marubuta yake.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne maganar da ya yi yana yankan gilashi. Ya ce sandar robar nan, da aka ƙera ta, aka yi mata ado, aka ɗora ta a jirgin ruwa, aka sauke a Legas, aka biya kwastan, aka ɗauko ta a tirela har Kano, ɗan kasuwa ya ci ribarsa, duk da haka tana zuwa hannunsa a ƙasa da kuɗin ɗanyen katakon da bai ko taɓa shi da zarto ba. Ya ce shi dai lissafin ya fi ƙarfinsa. Mu ma ya fi ƙarfinmu. Abin takaicin kuma, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, a duk faɗin Najeriya ba mu ga wanda ya ɗauki wannan lissafin a matsayin aikinsa ba.

Duk lokacin da aka ɗauko irin wannan zance a majalisa, mutane kashi biyu suke rabuwa, kuma dukkansu muna da faɗa da su. Akwai masu cewa araha rahama ce, talaka ya samu na rataye hoton aurensa da Ayatul Kursiyyu a bango, wanda ya kasa gasa ya nemi wata sana'ar. Akwai kuma masu kumfar baki, su ce a hana shigo da kayan gaba ɗaya, a kori 'yan Chaina, a rufe iyaka. Na farkon sun yanke hukunci cewa arahar halal ce, na biyun sun yanke cewa haram ce, alhali babu wanda ya ga takarda ko ɗaya a cikinsu. Alƙalai biyu ke nan, kowa ya buga guduma, ba a kira shaida ba.

Duniya kuwa ta daɗe da sanin cewa araha iri biyu ce. Akwai wadda ta samo asali daga iya aiki: injin wani ya fi naka, wutarsa ba ta ɗaukewa, yana yin dubu a lokacin da kake yin goma. Wannan ba ka da ƙara a kanta ko'ina, sai dai ka koma ka gyara gidanka. Akwai kuma wadda ake ƙirƙira da gangan, wato kamfani ya sayar da kaya a ƙasarka a ƙasa da yadda yake sayar da su a ƙasarsa, ko ma a ƙasa da abin da ya kashe wajen yin su. Wannan ita ce jibgar kaya, kuma tana da babi nata a dokar cinikin duniya tun yarjejeniyar 1947, a sashe na shida, aka kuma faɗaɗa ta da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995. A ɗauka, don misali kawai, kamfani yana sayar da sanda ɗaya a kan 100 a garinsu, amma in za ta zo Najeriya sai ya bayar a kan 70. Ratar 30 ɗin nan ita ce abin tuhuma, kuma ita ce iyakar harajin da doka ta yarda ka ɗora masa. Ba a yarda ka wuce ta ba.

Wani zai ce, wane mahaukaci ne zai sayar da kayansa a faɗuwa? Ba hauka ba ne. Masana'antar da ta gina injin da ya fi ƙarfin kasuwar gida, ta riga ta fitar da kuɗin injin da na ma'aikata daga cinikin gida, to duk abin da ya yi saura gara ta watsa shi waje ko da a rabin kuɗi, da ta kashe inji. Wani lokaci kuma gwamnatinsu ce take tallafa musu da bashi mai sauƙi ko fili ko wuta, wanda shi ma yana da nasa babin dabam. Duk ɗan Kwari ya san irin wannan dabarar a ƙaramin mataki: ka ci riba a kan dila tara, ka karya ta goma don ka kori maƙwabcin rumfarka. Bambancin kawai shi ne a nan maƙwabcin rumfar ƙasa ce sukutum.

Amma zargi ba ya isa, kuma wannan shi ne abin da masu kumfar baki ba sa son ji. Kafin ƙasa ta ɗora wannan haraji sai hukumarta ta yi bincike ta tabbatar da abu uku: cewa lallai ana jibgar, cewa masu yin irin kayan a gida sun cutu, da kuma cewa jibgar ce ta cutar da su, ba wani ciwon nasu na daban ba. Masu ƙera kayan a gida ne suke shigar da ƙara, kuma sai waɗanda suka goyi bayanta sun kai aƙalla kashi 25 cikin ɗari na abin da ake ƙerawa a ƙasar. A aika wa kamfanonin waje tambayoyi, a ba su aƙalla kwana 30 su amsa, jami'ai su tashi su je har masana'antarsu su duba littattafai in sun yarda, in sun ƙi a yi hukunci da abin da ke hannu. In ratar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, a rufe fayil. Binciken shekara guda ne, in ya yi tsanani wata 18. Harajin kuma shekara biyar yake yi ya faɗi da kansa, sai in an sake bincike an ga dalilin ci gaba. Aiki ne na akanta da lauya da mai ƙididdiga, aiki mai cin rai, babu hoton da za a ɗauka a sa a jarida. Muna kyautata zaton shi ya sa ba ya burge shugabanninmu.

Kada a ce mana wannan sai ƙasashen Turawa. Kanada ce ta fara yin irin wannan doka a 1904, amma Afirka ta Kudu ta bi bayanta tun 1914, kuma tun 2003 tana da hukuma ta musamman, ITAC, wadda aikinta ke nan. Ita ce ƙasar da ta ɗora wa kajin Amurka haraji tun shekarar 2000, ta ɗora wa tayoyin Chaina a 'yan shekarun nan, alhali ita da Chainar suna zama a teburi ɗaya a BRICS, ba a kuma fasa gaisawa ba. Indiya ta fi kowa a duniya buɗe irin wannan bincike. Ga Gana nan kusa da mu, wadda muke yi wa kallon ƙanwa: a 2016 ta yi dokar kafa hukumarta, kamfanin Aluworks na Tema ya kai ƙara a kan goran ruwan da ake shigowa da shi daga Chaina, aka saurari kowa, a 2020 hukumar ta yanke a ƙara harajin da ya haura kashi 35 cikin ɗari. Ko hukuncin ya ceci kamfanin ko bai cece shi ba, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne mai ƙara ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mu fa? Dokar da muke da ita a kan jibgar kaya ta 1958 ce. A sake karantawa: 1958. Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana ita, shekara biyu kafin a sauke tutarsu, lokacin da Sardauna yake Firimiya, lokacin da masaƙar farko ta Kaduna take da shekara guda da buɗewa. Mun shiga WTO tun ranar farko a 1995. Tun 2021 'yar ƙasarmu, Ngozi Okonjo-Iweala, ita ce shugabar ƙungiyar baki ɗaya, mun yi ta murna muna tura hotonta. A 2017 an kafa ofishin tattaunawar ciniki a Abuja, aka yi ta alƙawarin za a samar da tsarin kare masana'antu. To muna ƙalubalantar duk wanda ke karanta wannan, ya kawo mana bincike guda ɗaya tal, a kan atamfa ko takalmi ko tumatirin gwangwani ko bokiti, wanda Najeriya ta buɗe, ta kira kamfanin waje ya kare kansa, ta wallafa sakamako da lissafinsa kowa ya gani. Guda ɗaya. Za mu janye wannan rubutu mu ba da haƙuri.

Abin da muka iya shi ne kulki. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan Chaina 45 a Kantin Kwari, aka yi ta tafi. A Mayun 2015 marina suka yi zanga-zanga har fadar Sarki suna kukan an kashe musu sana'a, a cikin watan kuma kwastan ta garƙame rumbunan ajiya 75 a Kano, ta ce yadin da ke ciki ya kai na Naira biliyan 315. Ƙura ta lafa, kasuwa ta ci gaba da ci. A shekarar dai Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, kayan roba da yadi na ciki, sai ga shi a Oktoban 2023 an soke jerin da sanarwa guda. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka buɗe a Disambar 2020, tsakanin nan kuwa masu babura a dajin Jibiya da Maigatari suka ga kakarsu ta yanke saƙa. Duk waɗannan matakai siffarsu ɗaya ce: a wayi gari a ji sanarwa, babu bincike kafinta, babu lissafi bayanta, kuma wanda ya san wani a sama ya samu takardar sassauci.

Sakamakon ba sai mun faɗa ba, ku shiga Bompai da Sharaɗa da Challawa ku gani. Ina masaƙar Gaskiya, ina Bagauda? A Kaduna, Kakuri da take cika da kekunan ma'aikata in an tashi aiki ta zama kufai. Chaina ta shiga WTO a ƙarshen 2001, aka cire ƙa'idar kason yadi ta duniya a farkon 2005, kowace ƙasa mai masaƙa ta ga hadari ya haɗo ta nemi laima. Mu a lokacin yadi yana cikin jerin haramtattun kaya, amma Kwari cike take da shi har rufi. Haramcin bai hana ƙyalle ɗaya shigowa ba, abin da ya yi kawai shi ne ya ɗauke kuɗin daga asusun gwamnati ya zuba a aljihun masu fito da masu karɓar na goro a hanya. Da aka ga masaƙu sun mutu, sai aka ware musu asusun Naira biliyan 100 na bashi, wato aka kawo magani bayan an dawo daga maƙabarta.

Yanzu bari mu juyo kan kanmu, don ba mu zo mu yi wa kowa daɗin baki ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai, in aka yi binciken nan a kan sandar firam, ya fito ya ce babu wata jibga. Ku san da me ake yin ta: farin soson nan da ake tare talabijin da firiji a cikin kwali, shi ake tattarawa, a narke, a matsa shi ta cikin inji ya fito doguwar sanda kusan mita uku, a manna mata fallen ado mai kama da katako ko zinare. Wato asalinta shara ce. Wanda ya mayar da shara kaya, da wutar da ba ta yankewa, yana yin dubbai a yini, zai iya karya farashin maɗaci ba tare da ya cuci kowa ba. In haka bincike ya nuna, to tuhuma ta dawo gida.

Kuma gidan ba nisa. Wanda ya tsaya a Ƙofar Ɗan Agundi yana iya hango babbar tashar rarraba wutar lantarki da take ɗauke da sunan ƙofar, wadda take ba wa yanki mai yawa na Kano wuta. Amma dattijon nan namu, da 'yar tafiya kaɗan tsakaninsa da ita, janareta yake tayarwa in zai yi yanka, da fetur ɗin da ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mai masana'antar roba a Sharaɗa kuma, in ya samu wutar, a Afrilun 2024 aka wayi gari an mayar masa da kuɗin rukunin A daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. A Oktoban shekarar dai Arewa ta kwashe kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Duk lauyan kamfanin waje da ya san aikinsa, abin da zai fara ɗagawa a gaban hukuma ke nan: ba mu muka kashe su ba, wutarsu ce. Kuma doka ta tilasta wa mai bincike ya ware wannan ciwon daga wancan. Mu muna son a ware ɗin. Muna son a faɗa mana da alƙaluma kashi nawa ne laifin Gwanzu, kashi nawa ne na Abuja.

Akwai kuma abu na uku da binciken zai iya tonowa, wanda ya fi biyun can ɗaci. Mu daina yaudarar kanmu, yawancin kwantenonin nan ba ɗan Chaina ne ya turo su da ƙarfi ba. Namu ne suke hawa jirgi su je Gwanzu da Yiwu, su zaɓa, su ce a rage inganci a rage kuɗi, su cika kwantena. Wannan ciniki ne, ba mu ce haramun ba ne. Amma in kaya na dala goma aka rubuta musu dala uku a takarda don a rage haraji, ko aka rubuta su da sunan wani abu mai ƙaramin haraji, to wannan ba jibga ba ce, ha'inci ne, kuma da hannun ɗan gida ake yin sa, daga mai kaya har mai hatimi. Binciken gaskiya dole ya nemi takardun shigo da kaya, ya kwatanta abin da aka rubuta a tashar Legas da abin da aka rubuta a tashar da kayan suka taso. A ganinmu nan ne gizo yake saƙa. Rashin hukumar bincike ba mantuwa ba ce kawai, akwai waɗanda duhun yake yi wa rana, kuma ba talakawa ba ne.

To ina dattijonmu a cikin wannan duka? Nan maganar take da sarƙaƙiya, kuma gara mu faɗe ta da a faɗa mana. Mutum ɗaya ne amma riga biyu ce a jikinsa. A matsayinsa na kafinta mai fitar da sanda daga katako, robar ta kashe shi. A matsayinsa na mai haɗa firam, wanda yake sayen sandar ya yanka ya haɗa ya sa gilashi, robar ce take ciyar da shi da yaransa biyu. Ka ɗora wa sandar haraji yau, ba tare da akwai mai yin ta a gida ba, ka ƙara masa tsadar kayan aiki ne kawai, ka kuma buɗe hanya ga firam ɗin da ake shigowa da shi a haɗe da gilashinsa, wanda shi ba ya bar wa kowa aiki a Kano sai mai ɗaukar kaya. Mai cewa a hana, a hana, bai taɓa tsayawa ya bambance sanda da haɗaɗɗen firam ba. Mai bincike kuwa tambayarsa ta farko ke nan: wane kaya takamaimai, kuma wa yake yin irinsa a gida? Shin sandar katako da ta roba kaya ɗaya ne a idon doka? Wannan kaɗai sai an zauna an yi muhawara a kai.

Kuma ko da ta tabbata babu mai yin ta a gida, dokar ba ta rufe ƙofa ba, domin ta yarda a kai ƙara in jibga ce take hana sabuwar masana'anta tsayawa da ƙafarta. Kano gari ne na roba. Ku je Ƙofar Wambai ku ga bokiti da buta da kujera da tabarma, da yawansu a Sharaɗa da Dakata da Tokarawa aka yi su. Farin soson kuwa ga shi nan yana toshe mana magudanan ruwa duk damina. Garin da yake da injinan roba, yake da sharar, yake da kasuwar da take ciyar da Nijar da Chadi da Kamaru, me zai hana shi yin sandar firam? Mai kuɗin da zai sa jarinsa zai fara tambaya ne: in na kafa, aka karya farashi da gangan don a durƙusar da ni, wa zan kai wa kuka? In amsar ita ce babu, sai ya ɗauki kuɗinsa ya hau jirgin Gwanzu shi ma. Ba za mu zarge shi ba.

Ga masu cewa talaka zai sha tsada, mun ji ku, kuma mu ma talakawan ne, mun gaya muku wanda muka saya. Amma ku tuna da atamfa. Shekaru muka yi muna jin daɗin arahar ta waje har masaƙunmu suka ƙare. Da Naira ta faɗi, daga wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, wa ya tsaya mana? Duk wanda ya haɗa lefe a shekarar ya san amsa. Ba ta gida da za a koma wa, sai aka biya abin da dala ta ce. Arahar da ba ka da hannu a cikinta aro ce, ranar da mai ita ya so yake karɓa. Kuma harajin da ya biyo bayan bincike ya fi haramci tausayin mai saye nesa ba kusa ba: kaya ɗaya yake kamawa, daga ƙasa takamaimai, kowane kamfani da nasa gwargwadon laifinsa, wanda bai yi jibga ba a bar shi ya shigo.

Kada kuma a ɗauka muna ƙin baƙon kaya ne. Kano ba ta taɓa zama garin da yake tsoron fatake ba. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar da yadin Manchesta a kasuwa, ya kuma tarar da namu saƙin da rinin yana tafiya har Tumbutu da Tarabulus. Amma birnin da ya karɓi duniya haka yana da ganuwa, ganuwar tana da ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta wanda ya san mai shiga da mai fita. Yau mun iya abu biyu ne kacal, mu toshe ƙofa da ƙasa na wata goma sha shida, ko mu cire ƙyauren mu tafi barci. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023 don kwantena ta riƙa zuwa har gida. Mun sa hannu a yarjejeniyar cinikin Afirka a Yamai a 2019, wadda ita ma ta tanadi irin wannan bincike. Ƙofofi sai ƙaruwa suke.

Wannan ba aikin Gwamna ba ne, kada a je a tare shi da kwalaye. Harajin kwastan da cinikin waje suna hannun tarayya ne a tsarin mulki. Kano tana da 'yan majalisar wakilai 24 da sanatoci 3, fiye da duk jihohin Arewa, kuma babu jihar da rashin wannan doka ya yi wa illa kamar ita. Mutum 27, da ba sa gajiya da raba babura da kekunan ɗinki, a rasa wanda zai ɗauki dokar 1958 ya ce ta tsufa, ya tsaya a kan sabuwa har a kafa hukuma mai ma'aikata da kasafi da adireshi? Ƙungiyar masu masana'antu tana da rassa a Kano, cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA tana shirya baje koli duk shekara a titin Gidan Zu. Muna jin jawabansu a kan kayan waje, jawabai masu kyau. Jawabi ba ƙara ba ne. Ƙara tana son alƙaluma na aƙalla shekara uku: abin da aka ƙera, abin da aka sayar, ma'aikata nawa aka sallama, a wane wata farashi ya karye.

A nan ne kuma masu sana'ar hannu suke da nasu laifin, tare da mu. Mun tambayi dattijon ko yana da littafin da yake rubuta ciniki, ya nuna mana kansa. Kai kuwa ba a karɓarsa a matsayin shaida. Ga mu nan birjik, masu difloma a akanta da ƙididdiga da harkar kasuwanci, muna zaman jiran aikin gwamnati, ga kafintoci da marina da dukawa da maɗinka suna mutuwa ba tare da wanda ya rubuta ranar da ciwon ya fara ba. Mu da muke kiran kanmu marubuta mun cika kasuwa da labarin soyayyar ɗan Alhaji mai kwantena, ba mu taɓa tambayar abin da ke cikin kwantenar ba.

Asabar ɗin da ta wuce mun koma shagon da littafi mai layi da biro biyu. Muka zauna da babban yaronsa muka ja masa gidaje: kwanan wata, kuɗin sandar roba, kuɗin katako, kuɗin gilashi, fetur, abin da aka sayar, na katako nawa, na roba nawa. Mun yi alƙawarin leƙawa duk mako, kuma muna neman waɗanda za su yi haka a layin kafintocin unguwarsu, ko a Ƙofar Mata, ko wajen dukawan Kurmi. Dattijon ya juya littafin, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "To yarana, Allah ya yi albarka. In ya cika, wane ofis za a kai shi?"

Muka dubi juna. Mun ce masa ya dai fara rubutawa, za mu tambayi mutum 27 ɗin nan.